Maruwaici Marar Aminci a Ƙagaggun Labaran Bayan-Zamananci



Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne wani kuskure da nake cin karo da shi kusan kowace shekara in na zauna duba takardun jarrabawa. In aka yi tambaya a kan Ruwan Bagaja, sai ɗalibi ya rubuta cewa Abubakar Imam ya yaudari Malam Zurƙe, ko kuwa Abubakar Imam ya sha dūka a gari kaza. To, marigayi Abubakar Imam bai yaudari kowa ba. Wanda ya yi wannan aiki shi ne Alhaji Imam, mutumin da ke cikin littafin, wanda marubucin ya ƙaga ya ba shi baki. Ɗalibin da ya gama su wuri ɗaya yana da ɗan uzuri, tun da yake sunayen sun yi kama. Amma a ƙarƙashin kuskurensa akwai wani zato da yawancinmu muke ɗauke da shi, watau duk wanda ya ce "ni" a cikin littafi shi ne marubuci, kuma duk abin da ya faɗa haka aka yi. Wannan zato nake so mu bincika yau, mu ga yadda waɗansu marubuta na ƙasashen waje suka gina littattafai sukutum a kan rushe shi, sa'an nan mu waiwayo gida.

Ma'anar kalmomi

Wanda ke ba da labari a cikin littafi zan riƙa kiransa maruwaici, don in raba shi da marubuci. Shi marubuci mutum ne mai cin tuwo, maruwaici kuwa murya ce da aka ƙera.

Kalmar "bayan-zamananci" fassara ce ta wani suna da masana adabin Turai da Amurka suka laƙaba wa irin rubutun da ya yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman daga shekarun 1960. Rubutun farkon ƙarni na 20, na su James Joyce da Virginia Woolf da William Faulkner, shi suke kira na zamananci. Waɗannan sun nuna cewa gano gaskiya aiki ne mai wuya, domin kowane mutum ta tagarsa yake leƙen duniya. Na bayansu sai suka ƙara taku ɗaya, suka ce ita kanta tagar, da ɗakin, da wanda ke leƙen, duk ginin magana ne, suka kuma riƙa tuna wa mai karatu haka a tsakiyar labari. A 1979 wani masanin falsafa Bafaranshe, Jean-François Lyotard, ya bayyana halin wannan zamani da cewa mutane sun daina sakankancewa da manyan labaran da a da ake fassara duniya da su, irin labarin cewa ilmin kimiyya da ci gaba za su kai ɗan Adam tudun mun tsira. Mutanen da suka ga yaƙin duniya sau biyu, suka ga yadda gwamnatoci suka yi amfani da rediyo da jarida wajen shirga ƙarya, ba abin mamaki ba ne su soma tuhumar duk muryar da ta ce musu ga yadda aka yi.

Wanda ya raɗa wa abin suna

Maruwaici maƙaryaci ya daɗe a adabin duniya, amma wanda ya raɗa masa suna a fagen nazari shi ne Wayne Booth, wani malami Ba'amurke, a littafinsa The Rhetoric of Fiction na 1961. Booth ya ce a kowane ƙagaggen labari akwai abin da zan kira inuwar marubuci, watau hankali da ɗabi'ar da mai karatu ke ji sun tsara littafin, suka zaɓi abin da za a nuna da abin da za a jinkirta. Idan maganar maruwaici ta dace da ma'aunin wannan inuwa, amintacce ne. Idan ta saɓa, marar aminci ne. A irin wannan hali sai ya zamana marubuci da mai karatu suna ƙyafta wa juna ido ta bayan maruwaici, shi kuwa yana ta zuba bai sani ba.

Masana sun yi ta gyare-gyare ga wannan bayani. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Greta Olson, wadda a wata maƙala ta 2003 ta raba maruwaita marasa aminci gida biyu: mai kuskure, wanda ƙuruciya ko ƙarancin sani ko son zuciyar da bai farga da shi ba suka karkatar da maganarsa, da kuma wanda ba a yarda da shi ba, domin halinsa ne murɗe magana. Sa'ad da na fara karanta wannan maƙala ina ɗalibi a ƙasar waje, sai na ji kamar na taɓa jin darasin a wani wuri. Daga baya na tuna ashe a zaure na ji shi, ina yaro.

Ma'aunin da muka gāda

Malaman hadisi sun shafe fiye da shekara dubu suna nazarin maruwaici. Ilmin da ake kira jarhi da ta'adili, watau sukan maruwaici da tsarkake shi, yana da manyan littattafai tun ƙarni na uku da na huɗu na Hijira, irin na Ibn Abi Hatim wanda ya rasu a shekara ta 327. Ba ina kwatanta hadisi da ƙagaggen labari ba ne, Allah ya tsare. Ma'auni kawai nake so in ara, domin ban san wani fage da ya kai wannan ƙwarewa wajen auna mai kawo magana ba.

Sharuɗɗa biyu suka gindaya wa maruwaici. Na farko adalci, watau ya zama mai gaskiya da tsoron Allah da mutunci. Na biyu kiyayewa, watau ya riƙe abin da ya ji daidai, ko a ka ko a rubuce. Mutum yana iya zama salihi amma ya rasa kiyayewa, yana kuma iya zama mai kaifin hadda amma ya rasa adalci. Kun ga rabon Olson ke nan. Har wa yau sun san mai tadlisi, wanda ba ya faɗin ƙarya ƙiri-ƙiri, sai dai ya zaɓi lafazi mai harshen damo don ya ɓoye wani giɓi a cikin isnadi. Sun kuma san wanda haddarsa ta rikice da tsufa, har sukan bambanta abin da aka ji daga gare shi kafin rikicewar da abin da aka ji bayanta.

Hanyar da suke gwada kiyayewar mutum ita ce su jera ruwayarsa da ta sauran amintattu, su ga inda ya saɓa. A nan ne mai karatun ƙagaggen labari yake shiga uku, domin sau da yawa maruwaici ɗaya tak aka ba shi. Ba shi da abin da zai gwada maganar da shi sai ita kanta maganar: abin da maruwaici ya faɗa a shafi na goma da abin da ya faɗa a shafi na ɗari, abin da ya ce game da kansa da abin da waɗansu suka ce masa ya kawo mana ba tare da ya lura da nauyinsa ba. Akwai kuma wani bambanci. Malamin hadisi in ya gano rauni sai ya ajiye ruwayar. Mai karatun labari kuwa in ya gano rauni, a nan karatunsa ya soma.

Bari mu ɗauki misalai. Ina neman gafarar waɗanda ba su karanta littattafan ba, domin dole in tona ƙarshen waɗansu.

Mai tadlisi

A 1926 Agatha Christie ta fitar da The Murder of Roger Ackroyd. Wani likitan ƙauye, Dokta Sheppard, shi ke ba da labarin yadda aka kashe wani attajiri da yadda ya taimaka wa mai bincike. A ƙarshe sai ta bayyana likitan ne ya yi kisan. In ka koma baya ka sake karantawa, da wuya ka kama shi da ƙarya a cikin abin da ya ba mu. Ya faɗi lokacin da aka kawo wa mamacin wata wasiƙa, ya faɗi lokacin da ya fita daga ɗakin, ya tsallake minti goma da ke tsakani. Wannan littafi ya riga zamanin da muke magana a kai, kuma a cikinsa ƙasa tana nan daram: akwai gaskiya guda ɗaya, an ɓoye ta, an kuma tona ta. Na kawo shi don mu riƙe shi a matsayin sikeli.

Marar adalci

Vladimir Nabokov mutumin Rasha ne da juyin juya halin 1917 ya raba da ƙasarsa, daga baya ya koma rubutu da Ingilishi a Amurka. Littafinsa Lolita ya fito a Faris a 1955, a Amurka kuma a 1958. Maruwaicinsa, wanda ya kira kansa Humbert Humbert, yana tsare ne yana jiran shari'ar kisan kai, yana rubuta bayaninsa kamar mai yi wa masu yanke hukunci jawabi. Abin da ya aikata mummuna ne ƙwarai: ya auri wata mata don ya kusanci 'yarta Dolores mai shekara 12, bayan mutuwar uwar ya yi ta yawo da yarinyar gari-gari yana lalata da ita. Amma Allah ya hore masa baki. Yana da ban dariya, ya san adabi, ya iya zargin kansa daidai gwargwadon da zai sa a tausaya masa. Ko sunan yarinyar ya sauya, ya ba ta wanda ya ga dama.

Nabokov bai tsoma baki ya ce kada ku yarda da shi ba. Abin da ya yi shi ne ya bar waɗansu abubuwa suna zubowa ta tsagar maganar Humbert. Alal misali, a ƙarshen wani dogon bayani na daɗin tafiye-tafiyensu, Humbert ya ambata a gurguje cewa yarinyar tana kuka kowane dare da zarar ya yi kamar ya yi barci. Wannan jimla guda ta rinjayi shafuffuka masu yawa na zaƙin baki.

Abin tsoro shi ne masu karatu da yawa ba su ji kukan ba. A Turancin yau, in aka kira yarinya da sunan da ke bangon wannan littafi, ana nufin yarinya mai jan hankalin maza da gangan. Watau ƙazafin da mai laifi ya yi wa wadda ya zalunta shi ne ya shiga ƙamus. Wannan ya nuna cewa dabarar da muke magana a kai tana da haɗari na gaske, kuma rabin aikin yana wuyan mai karatu.

Marar kiyayewa

Kazuo Ishiguro, haifaffen Nagasaki ta Jafan wanda ya tashi a Ingila, ya sami lambar Booker da The Remains of the Day a 1989, ya kuma sami lambar Nobel a 2017. Maruwaicinsa, Stevens, babban baran wani gidan sarauta ne na Ingila, kwatankwacin sarkin gida a fada. A watan Yuli na 1956 ya ari motar sabon ubangidansa Ba'amurke, ya yi tafiyar 'yan kwanaki don ya ziyarci Miss Kenton, wadda suka yi aiki tare shekaru da yawa da suka wuce. A hanya yana ta tuna baya, yana bayyana mana mene ne mutunci a aikin bara, yana kare sunan tsohon ubangidansa, Lord Darlington.

Stevens ba mugu ba ne, kuma ba ya nufin yaudararmu. Kansa yake yaudara, mu kuwa muna saurare. Ya ba mu labarin wani babban taro da aka yi a gidan a 1923, daren da mahaifinsa yake gargarar mutuwa a wani ɗaki a sama, shi kuwa yana ƙasa yana zagayawa da abin sha. Bai ce mana ya yi baƙin ciki ba. Sai dai ya kawo cewa ubangidansa ya dube shi ya ce kamar kuka yake yi, shi kuwa ya amsa da cewa gajiyar yini ce. Daga bakin wani muka san hawaye na zuba a fuskar wanda ke yi mana magana. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to Ishiguro ya gina littafi guda a kan wannan.

Haddar Stevens ma tana zamewa a wurare masu ma'ana. Ya tuna wata rana da ya tsaya a bakin ƙofar Miss Kenton yana jin a jikinsa kuka take yi, ya ce ranar da aka aiko mata da rasuwar gwaggonta ce. Can gaba sai ya gyara, ya ce a'a, daren da ta gaya masa ta karɓi neman auren wani ne. Zuciyarsa ce ta ɗauke abin daga inda yake yi masa ciwo ta kai shi inda zai iya jurewa. A hankali muke gane cewa Darlington ya zama karen farautar 'yan Nazi, har ya sa aka kori 'yan aiki mata biyu don kawai Yahudawa ne, Stevens kuma shi ya isar da korar. Mutumin da ke cewa yana alfahari da ubangidansa, sau biyu ya nuna wa baƙi kamar bai taɓa yi masa aiki ba. Duk wanda ya taɓa yi wa wani babba biyayya ido rufe, sa'an nan ya wayi gari yana tambayar kansa me ya yi da rayuwarsa, zai gane Stevens, ko a wace ƙasa yake.

Sa'ad da isnadin kansa ya zama ƙage

A misalan da suka gabata muna iya ƙetare maruwaici mu taka ƙasa. Abin da bayan-zamananci ya ƙara shi ne ya girgiza ƙasar. Babban misali shi ne Pale Fire na Nabokov, na 1962. Siffar littafin ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun zaure, domin matani ne da sharhi. Akwai muƙaddima, sai waƙa mai layi 999 ta wani mawaƙi John Shade, sai dogon sharhi, sai fihirisa, duk ban da waƙar aikin wani maƙwabcinsa ne mai suna Charles Kinbote. Waƙar tana magana ne a kan rayuwar Shade, da mutuwar 'yarsa Hazel, da tambayar abin da ke bayan mutuwa. Mai sharhi kuwa ya dāge cewa asalin waƙar labarin wata ƙasa ce, Zembla, da sarkinta da aka tumɓuke, yana kuma yi mana ishara cewa shi ne sarkin. Kowane layi ya ɗauka sai ya karkata shi zuwa kansa, har sharhi ya haɗiye matani. Ya ce wanda ya harbe Shade ɗan ta'adda ne da aka aiko daga Zembla don a kashe shi, shi Kinbote. Alamun da ke cikin littafin kuwa sun fi nuna wani mahaukaci ne da ya tsere, yana neman alƙalin da ya ɗaure shi.

Zuwa nan sai mu ce Kinbote taɓaɓɓe ne, shi ke nan. Amma daga hannunsa muka karɓi waƙar ita kanta, kuma babu wani kwafi. Shi ya sa masana suka rabu. Waɗansu sun ce Shade ne ya ƙagi Kinbote, waɗansu sun ce Kinbote ne ya ƙagi Shade, waɗansu kuma sun ce Kinbote wani malami ne mai suna Botkin da aka ambata a fihirisa. Brian Boyd, wanda ya rubuta tarihin rayuwar Nabokov, ya taɓa riƙe ra'ayi na farko, sa'an nan ya sauya a wani littafi da ya fitar a 1999. Inuwar marubucin da Booth ya ce mu dogara da ita tana nan, amma ta ƙi nuna mana inda ta tsaya.

Misali na biyu shi ne Atonement na Ian McEwan, na 2001. A 1935 wata yarinya mai shekara 13, Briony, ta ba da shaidar abin da ba ta gani sosai ba, aka ɗaure Robbie, masoyin yayarta Cecilia, bisa laifin da bai yi ba. Labarin ya bi su cikin yaƙi, har muka ga masoyan sun sake haɗuwa a Landan, Briony ta je ta nemi gafara ta yi alkawarin janye shaidarta. Sai a shafuffukan ƙarshe, a 1999, muka ji muryar Briony tsohuwa, marubuciya, wadda likita ya gaya wa cewa ciwon mantuwa ya kama ta. Ta ce ita ta rubuta duk abin da muka karanta, kuma haɗuwar nan ba ta faru ba. Robbie ya mutu a gaɓar tekun Faransa a 1940, Cecilia kuma bam ya kashe ta a Landan a wannan shekara. Ta ba su a takarda abin da ta hana su a duniya.

Mai karatu yakan ji an cuce shi, kuma wannan jin abin dubawa ne. Ai tun farko ya san Robbie da Cecilia ba su taɓa rayuwa ba. Me ya sa ƙagen McEwan bai dame shi ba, na Briony ya dame shi? Amsar ita ce ko a cikin ƙage akwai amana. Mun yarda marubuci ya ƙaga duniya, amma muna sa ran wanda ke cikinta ya gaya mana gaskiyarta. Littafin ya kuma bar mu da tambaya mai nauyi: wanda ya zalunci mutum da labari, yana iya biyansa da wani labari?

Mu waiwayo gida

Kada a ɗauka ina cewa marubutanmu na farko 'yan bayan-zamananci ne. Ba haka ba ne. Amma wasa da amincin maruwaici ba baƙonmu ba ne. Mai tatsuniya yakan rufe da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya, watau ya jingina ƙaryar ga babban maƙaryaci ya zame. Ɗaliban ilmi kuma sun daɗe suna karanta Muƙamar Hariri, inda Abu Zaid yake sauya kama gari-gari yana damfarar jama'a da fasahar harshe.

Littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 sun isa misali. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, maruwaicin malami ne mai tsoron Allah yana ba almajiransa tarihinsa, kuma babu inda littafin ya sa mu shakkar maganarsa. A Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara kuwa, jarumin ne ke ba da labarin kansa da kirari da cika baki. Ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, waɗanda tarihi ya sani, ya zarce zuwa gwabzawa da aljannu da murya ɗaya. Ina ganin akwai karatun da bai kamata mu tsallake ba a nan: mutumin da aka ci ƙasarsa da yaƙi ya tafi inda ba mai shaida, ya ci nasarar da ta kuɓuce masa a gida. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja kuma da bakinsa yake gaya mana yadda ya yi ta shirga wa mutane ƙarya a garuruwa. In haka ne, mene ne hujjarmu ta cewa wanda yake ba labarin kaɗai ya ware ya gaya wa gaskiya? Ba mu taɓa jin labarin daga bakin Malam Zurƙe ba.

A adabin Nijeriya na Ingilishi akwai A Man of the People na Chinua Achebe, na 1966. Odili, matashin malamin makaranta, yana ba mu labarin yadda ya tashi yaƙar Cif Nanga, minista mai cin hanci. Amma bai tashi ba sai bayan da Nanga ya ƙwace masa budurwa, kuma kafin nan ya kwana a gidan ministan ya ji daɗin abin da ya gani. Laifi tudu ne. Achebe ya bar mu mu hango na Odili da kanmu.

Abin da ya kamata mu ɗauka

Akwai masu cewa darasin waɗannan littattafai shi ne babu gaskiya, kowa da tasa. Ban yarda ba. Ba a gane karkataccen layi sai da miƙaƙƙe. Da babu gaskiya, da babu maruwaici marar aminci, domin babu abin da zai ci amanarsa. Ko a Pale Fire, inda aka rasa tudun dafawa, abu guda bai motsa ba: akwai waƙar uba yana makokin 'yarsa, akwai kuma mai sharhin da bai ji makokin ba saboda ya cika kunnensa da kansa. Abin da littattafan suka rushe shi ne sakankancewar cewa gaskiya tana zuwa a sauƙaƙe daga bakin wanda ya fi iya magana.

Saboda haka ina ba ɗalibaina shawara su riƙa yi wa kowane maruwaici tambayoyi huɗu. Wa yake yi wa magana, kuma me yake nema a wurinsa? Ta yaya ya san abin da yake faɗa? A ina ya yi sauri, a ina ya tsaya yana dogon bayanin da ba a tambaye shi ba? Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, wane ne a cikin labarin ba a bari ya yi magana ba? In ka yi wannan tambaya za ka tarar da Dolores, da 'yan aikin nan biyu da aka kora, da Hazel, da Robbie. A kowane littafi akwai wanda ya biya kuɗin zaƙin bakin maruwaici.

Waɗannan tambayoyi ba a aji kaɗai suke da amfani ba. A kullum wayoyinmu suna kawo mana muryoyin mutanen da ba mu san su ba, kowa yana rantsuwa a gabansa aka yi, kuma mun ga yadda irin wannan magana take tayar da fitina a gari. Kakanninmu na ilmi ba su karɓi magana ba sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji. Ƙagaggen labari fili ne da mutum zai koyi wannan tambaya ba tare da an zubar da jinin kowa ba.

Ga marubutanmu na Hausa kuma, roƙona shi ne su ƙara yarda da hankalin mai karatu. Yawancin labaranmu suna da maruwaici mai wa'azi, wanda ke nuna mana nagari da mugu tun a shafin farko. Ina marmarin ganin ƙarin littattafan da za a miƙa wa azzalumin miji alƙalami ya kare kansa, ko ɗan siyasa, ko uwar miji, a bar su su yi ta magana har bakinsu ya yanka wuyansu, marubuci bai ce uffan ba. Harshen da ya mallaki habaici da zambo da gugar zana ba zai gaza wannan aiki ba.

Ni ma da na tsaya a gabanku maruwaici ne. Na zaɓi abin da zan kawo, na tsallake abin da bai taimaki hujjata ba. Littattafan suna nan, ku je ku gwada ruwayata da su. Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.